Fim ɗin ɗan kokawa mai takunkumi da kuɗi kaɗan a Kumasi: ta ina za a fara?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a nan Aboabo tana shirin fim irin na 'yan kokawar Meziko masu rufe fuska, amma da Hausa, kuma a cikin zango. Abin da ke hannu: kyamara ɗaya, waya biyu masu ɗaukar hoto da kyau, fitila uku, da samari shida masu ƙarfi, biyu daga cikinsu 'yan kokawar gargajiya ne. Kuɗin ba su da yawa. Da wane yadi ake ɗinka takunkumin, kuma wa zai iya ɗinka shi a garin nan? Dole ne sai mun gina dandamali mai igiya, ko za mu iya aron na 'yan dambe? Yaya ake ɗaukar faɗan ya fito kamar da gaske ba tare da an karya ɗan mutane ba? Allah ya saka da alheri.

Kawu Edita, Asawase

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ku sayi ko ƙyalle, ku san abin da ya sa irin wannan fim ya yi wa masu shi araha. El Santo, shahararren ɗan kokawar Meziko mai takunkumi, wanda sunansa na yanka Rodolfo Guzmán Huerta, ya yi fim sama da 50 daga 1958 zuwa 1982. Biyun farko a Kyuba aka ɗauke su, kuma babu ɗaya da aka nuna fuskarsa a ciki. Da ya rasu a 1984, da takunkuminsa mai ruwan azurfa aka binne shi. Blue Demon da Mil Máscaras, 'yan kokawa irinsa, su ma da fuska a rufe suka yi nasu finafinan.

Rufe fuskar nan ita ce ta riƙa rage musu kashe kuɗi. Idan jarumi ba ya nan, wani mai irin jikinsa zai sa takunkumin a ɗauki gudu, tuƙin mota ko faɗowa, mai kallo bai sani ba. A yawancin finafinan ma ba muryar Santo ake ji ba, wani ne ke ɗora masa magana daga baya. Sannan sukan cusa wasan kokawa sukutum a tsakiyar labari, wani lokaci wanda aka riga aka ɗauka, don fim ya kai tsawon da ake so. Wannan na ƙarshen kada ku yi koyi da shi. Mai kallo a waya ba zai zauna minti goma yana kallon kokawar da ba ta ƙara wa labari komai ba.

Akwai dabarar da ta dace da ku. A Estudios América, wani gidan ɗaukar fim a birnin Meziko, a wancan zamanin dokar ƙungiyar ma'aikata ta sa masu shirya fim suna ɗaukarsa gutsure-gutsure, kamar kashi uku, sannan a haɗe a kai silima. Ku ma ku yi kashi na farko na minti 20 zuwa 25, da faɗa biyu kawai: ƙarami a farko, babba a ƙarshe. Wurin ɗauka kada ya wuce huɗu. In ya karɓu, kashi uku sun zama fim guda.

Abokan gabar su Santo a fim gawarwaki ne masu tafiya, da masu shan jini, da mahaukatan likitoci. Naku ba sai kun aro ba: 'yan daban da ke ƙwace filaye, masu haƙar zinariya suna ɓata ruwan sha, ɗan damfarar intanet mai bin boka. Kuma kada ku kwafi takunkumin Santo. Ɗansa, El Hijo del Santo, yana riƙe da haƙƙin suna da kamannin, yana kuma kare su. Ku zana naku, launi biyu da alama ɗaya wadda yaro zai iya zanawa a ƙasa da tsinke.

Hajiya Mai Keke, Alabar

Ɗana, kada ka kai wa tela hoto ka ce ya ɗinka maka irinsa. Kowane kai da nasa awon, kuma takunkumin da ya zame rabin inci ya rufe wa mai shi ido a tsakiyar tsalle.

Ga yadda ake fitar da awon. A sa wa ɗan wasan leda marar kauri a ka, a fara yage wurin hanci da baki ya buɗe sosai, sannan a bi ledar da salatif na takarda har ƙarƙashin haɓa. A zana ido, hanci da baki da maka. A ja layi daga haɓa ta karan hanci da tsakar ka zuwa ƙeya, a ja wani daga gefen wuya ta kan kunne ya tsallaka ɗaya gefen. A yanke ta baya da almakashi marar tsini, a raba bisa layukan. Ka samu yanki huɗu ke nan, biyu na gaba, biyu na baya. Haka masu wannan sana'a a Meziko ke yi tun zamanin Antonio Martínez, wanda mai ɗinkin takalma ne kafin ya shiga ɗinkin takunkumi a shekarun 1930. A shimfiɗa yankunan a kan kwali, a ƙara santimita 1 na ɗinki a kowane gefe.

Yadin shi ne mai roba wanda ke miƙewa tsaye da kwance, irin na wandon motsa jiki. Rabin yadi ya ishi takunkumi ɗaya har da ragowa. Ana samu a Kejetia, in kuwa ya yi tsada, a sayi manyan wandunan motsa jiki na gwanjo a farke. Saboda yana miƙewa, a rage rabin santimita zuwa ɗaya a cikin kowane goma, amma a yankunan baya kaɗai. Gaban da za a ɗora wa fatar roba ta ado ya daina miƙewa, in aka rage shi zai danne hanci. A yi shafi da yadin singileti don ya sha gumi.

Kuskuren da teloli suka fi yi shi ne huda ido tun farko. Yadi mai roba da zarar an huda shi sai ramin ya wage ya karkace. A fara manna fatar adon da ɗan gam, a ɗinke ta layi biyu, sannan a yanke ramin ido daga ciki. A bar shi ya fi girman idon da kamar santimita 1 ta kowane gefe, musamman ta waje da ta ƙasa, domin ɗan kokawa yana bukatar ganin igiya ta gefen ido da kuma inda zai taka.

Allura mai dunƙulallen baki, lamba 75 ko 90, da zaren roba, da ɗinkin zigzag. Allurar fata tana yanka zaren yadin ya fara warwarewa. Baƙin keken nan namu na ƙafa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, kuma zai tsinke ranar farko sai dai in mai ɗinki yana ɗan jan yadin yayin da yake ɗinkawa. In fatar tana manne wa ƙafar keke, a ɗora takarda marar kauri a kai, a yage ta bayan an gama.

Bayan kai a bar tsaga ta santimita 15 zuwa 18, a ƙarfafa bakinta da fata, a sa harshe a ƙarƙashi don kada igiya ta ci gashi. Idon ƙarfe bakwai ko takwas a kowane gefe, tazarar santimita 2, igiyar takalmi mai tsawon mita ɗaya da rabi. Wannan ɓangaren a kai wa masu ɗinkin takalma, sun fi tela iya buga idon ƙarfe. Zip ba ya yi, yana fashewa in an ja kai, yana kuma yanka ƙeya in an faɗi.

Kowane babban ɗan wasa a yi masa uku iri ɗaya: na ɗaukar kusa, na faɗa, da wanda za a yaga ko a ɓata da jini. Yadi mai walƙiya kamar madubi a guje shi, yana tsattsagewa, kuma a rana fari fat yake fitowa a hoto. Wanki da hannu, ruwan sanyi, shanya a inuwa.

Masta Walda, Suame Magazine

Ƙanena, dandamalin dambe ba zai yi muku ba, ko da za a ba ku na Bukom a Akra kyauta. An yi shi ne don a tsaya a kai: ƙasansa ba ya lotsawa, igiyarsa huɗu ce kuma ba ta mayar da mutum in ya jingina da gudu. Na kokawa igiya uku ne masu tauri, ƙasa kuma tana ɗan bayarwa.

In za ku gina, ƙafa 14 ko 16 kowane gefe ya isa, tsayi daga ƙasa santimita 50. Ba sai ya kai mita ɗaya ba, kyamara daga ƙasa za ta ɗaga shi, wanda ya faɗo waje kuma ba zai ji jiki sosai ba. Ginshiƙai huɗu na bututun ƙarfe inci 4, kaurin bangonsa kada ya gaza milimita 4. Firam na gefe da sandunan tsakiya a haɗa su da noti, kada a yi musu walda, don a iya kwancewa a loda a mota. Sandunan tsakiya tazarar ƙafa biyu. A kansu a jera katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, guda 16 ke nan ga mai ƙafa 16. A zaɓo a Sokoban, busasshe marar ƙulli, domin wurin ƙulli yake karyewa. Ba a buga masa ƙusa, ana jera shi ne a matse a cikin firam. Motsin da yake yi shi ke shanye faɗuwa, shi ke ba da ƙarar nan da ake ji.

Soson katifa kada ya hau kai. Yana da laushi har ƙafa ta nutse idon sawu ya gurɗe, amma in mutum ya faɗo sai ya lotse gaba ɗaya baya ya daki katako. A nemi soso mai tauri irin na tabarmar judo, kaurin santimita 3 zuwa 4, a manne gaɓoɓinsa da salatif mai faɗi. A rufe da kanbas na auduga mai idon ƙarfe, a ɗaure shi tamau a jikin firam. Tamfol na roba yana santsi da gumi, yana kuma ƙona fata in ya sha rana.

Igiya: wayar ƙarfe milimita 10 a zura ta cikin tiyon ban-ruwa, a naɗe da salatif mai launi. Tsayinsu daga shimfiɗa kusan santimita 45, 85 da 125. Ƙarfen murɗa waya guda 12, uku a kowace kusurwa, girman milimita 16, mai rufaffen ido. Mai ƙugiya yana buɗewa in an ja shi, kuma waya mai tauri in ta kuɓuce fuska take nema. Kowane bakin waya a kama shi da maƙalli uku, sirdin maƙallin a kan ɓangaren da ke ɗauke da nauyi, ba a kan guntun wutsiyar ba. Da an ɗaure igiyoyi ginshiƙai za su fara sunkuyowa ciki, shi ya sa ake ja musu waya biyu a gicciye ta ƙarƙashin dandamali, daga ƙafar ginshiƙi zuwa ta wanda ke fuskantarsa. Kowane ƙarfen kusurwa a lulluɓe shi da soso da fata. A sake duba noti da maƙallai duk safiya kafin kowa ya hau.

Malam Koci, Sabon Zango

Masta, aikinka babu gyara a ciki, amma ina ganin a kashi na farko wannan dandamalin zai cinye kuɗin yaran kaf. Su gina kusurwa ɗaya kawai, ginshiƙi da guntun igiyoyi da za a ɗaure a jikin bango, don ɗaukar kusa. Babban faɗan su kai shi da'irar yashi irin ta kokawarmu, kewaye da buhuna, da ganga da kirari. A tona rami mai zurfin santimita 20 inda za a faɗi, a sa soso mai tauri, a rufe da kanbas, a watsa yashin da aka tankaɗe a kai. Hoton zai fi kama da namu, kuma babu wanda ya taɓa ganin irinsa daga Meziko.

Ɗan Aboabo, 'yan kokawar gargajiyar nan biyu da kake taƙama da su, su ne za su fi ba ka wahala. Duk horonsu na kada gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa ne, jikinsu ya saba da turjiya. A fim kuwa wanda ake kayarwa shi ke yin rabin aikin: shi ke tura ƙasa da ƙafa, shi ke riƙe nauyinsa. Wanda ya turje zai ɓalla bayan mai ɗaga shi. Ka nemo ɗan judo ko mai wasan alkafura ya koya wa dukkansu faɗuwa, sau uku a mako, aƙalla mako shida, kafin a kunna kyamara.

Faɗuwa ta baya: haɓa a manne da ƙirji, a sauka a kan faffaɗan baya na sama, hannaye biyu su mari shimfiɗa lokaci guda, a fitar da numfashi. Ba a tokare ƙasa da tafin hannu ta baya, nan wuyan hannu da gwiwar hannu ke karyewa. A fara daga tsugune, sannan daga tsaye. 'Yan Meziko sun fi yawan mirginawa a kan faɗuwa warwas saboda dandamalinsu ya fi tauri, kuma a yashi wannan salon ya fi dacewa. Sati biyu na ƙarshe a yi horon da takunkumi a ka, domin yana rage gani da ji.

Duk wata kayarwa da za ta sauke mutum a kan kai ko wuya a cire ta daga labarin. Ko a Meziko, kifa mutum a kan kai haramun ne a dokar wasansu ta al'ada. Babu tsalle daga igiyar sama zuwa waje. Babu reza don fitar da jini: zuma ko sikari narkakke, jan kalar abinci da ɗan garin koko sun wadatar.

Zafi shi ne abokin gaban da ba a gani. Takunkumi kada ya wuce minti 10 zuwa 15 a kai in ana faɗa, a kwance, a sha ruwa, a zauna inuwa. A ɗauki faɗan waje daga hantsi zuwa ƙarfe goma, ko bayan la'asar. Almakashi ya kasance a aljihun mutum ɗaya da kowa ya sani. Wanda ya bugu a kai ya rikice, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, aikinsa na ranar ya ƙare, asibiti za a kai shi. Wanda ya ce wuyansa, ko hannunsa ya mutu, ba a ɗaga shi, ba a fizge takunkumi: a riƙe kan yadda yake, a yanke igiyar da yadin, a kira 112.

Ɗan Aboabo

Na gode ƙwarai, iyayena. Mun karkata ga yashi da kusurwa ɗaya. Kawu, saura maganar ɗauka da sauti. Mutanen da za mu iya tarawa a matsayin 'yan kallo ba za su wuce 30 ba, kuma fitilunmu suna sa hoto rawa da dare.

Kawu Edita, Asawase

Rawar hoton daga saitin kyamara take. Wutar Gana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30. Ku mayar da kyamara da wayoyin duka kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawa 1/50, a faɗa kuma 1/100 don motsi ya fito tsaf. Ku kulle haske da launi da hannu a dukkan ukun, in ba haka ba takunkumi ɗaya zai fito kala uku wajen haɗawa. Fitilar da ta ci gaba da rawa bayan wannan, ita ce marar kyau, ko janareta ne ba ya riƙe gudu ɗaya.

Mutum 30 sun isa. A tara su duka a gefe ɗaya, layi uku: na gaba a zaune, na tsakiya a tsaye, na baya a kan benci. A haska fili da layin gaba, a bar baya cikin duhu. In an gama wannan gefen a mayar da su ɗaya gefen, a sauya na gaba da na baya, a musanya hula da mayafi. A ɗauki ihunsu da tafinsu da tsorata tun da wuri, kafin su gaji su fara zamewa.

Faɗan minti uku yini guda yake ci. A gutsura shi, motsi biyar zuwa takwas a kowace ɗauka, a maimaita a hankali sau uku, sannan da rabin gudu, sannan a ɗauka. Naushi ya wuce fuska da tazarar taƙi ɗaya, kyamara tana bayan kafaɗar mai duka ko wanda ake duka, ta yadda hannu zai rufe fuskar a hoto. Daga gefe tazarar take tonuwa. Wanda aka doka shi ke sayar da dukan da juyin kai, kuma in ya riga hannu juyawa a sake. Wajen haɗawa a cire hoto ɗaya ko biyu daidai inda dukan ya sauka, zai yi nauyi. Kyamarorin duka su tsaya gefe ɗaya na 'yan wasan, in aka tsallaka sai wanda ke dama ya koma hagu mai kallo ya rikice. Tunda fuska a rufe take, ido da hannu da kafaɗa su ne ke wasa: a sa farin kwali a ƙasa ya mayar da haske cikin ramin ido, in ba haka ba ramuka biyu baƙaƙe za a gani.

Sautin wurin ɗauka a zango da wuya ya yi amfani: babura, injin niƙa, lasifika. A tsara hutu daidai lokutan salla, janareta kuma a kai shi mita 30 bayan bango. Maganar jarumi a sake ɗaukarta a ɗaki mai labule da katifu a jingine, makirfo tazarar taƙi ɗaya daga baki. Ihun jama'a a ɗauki minti goma shi kaɗai, ganga ita ma daban. Ƙarar duka a yi ta da bugun jiƙaƙƙen tawul a kan buhun shinkafa. Kiɗa ku sa makaɗan unguwa su yi muku naku, na wani zai sa YouTube ta riƙe kuɗin ko ta toshe fim ɗin.

Hajiya, a nan ina roƙon a rufe bakin takunkumin jarumi da bos da raga baƙa. In ba a ganin leɓe, za su iya fitar da fim ɗin da Hausa da kuma Twi ba tare da an sake ɗaukar manyan 'yan wasan ba, kuma kasuwar Twi a Kumasi ba abar rainawa ba ce.

Kafin ranar farko ku gaida sarkin zango da mai filin, ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin samari masu rufaffiyar fuska suna gudu da dare abu ne da jama'a za su iya yi wa mummunar fahimta. Kowane ɗan wasa ya sa hannu a takardar yarda, ƙananan yara kuma iyayensu. In za a nuna wa jama'a a zaure ko talabijin, dokar fim ta 2016 ta ce sai hukumar fim ta ƙasa ta tantance shi tukuna.

Hajiya Mai Keke, Alabar

Za a iya, Alhaji, amma da sharaɗi. Ragar ta zama mai manyan ido irin ta rigar ƙwallo, layi ɗaya tak, ba ragar sauro ba. A bar ramin hanci a buɗe, a ɗinka ragar daga ciki ta ɗan yi nesa da leɓe, domin in ta jiƙe da gumi ta manne, numfashi zai gagara a tsakiyar faɗa. A yi biyu masu raga, wani kuma na horo da dogon gudu a bar bakinsa a buɗe, a ɗauke shi daga nesa ko ta baya.